Sunan magani ɗaya ne, amma kwayar ba ɗaya ba ce

Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in ja hankalin masu shan maganin ciwon damuwa da masu kula da su. Sau da yawa mutum kan je kemis a ce masa na kamfanin da ya saba sha ya ƙare, ga wani, duk abu ɗaya ne. Galibi gaskiya ne. Amma ba kullum ba.

Sau da yawa sinadarin da ke aikin magani ɗan kaɗan ne a cikin kwaya. Sauran kayan cikawa ne da na haɗawa, irin su sitaci, sukarin madara, rini, da rufin da ke jikin kwayar. Su ne ke tsara yadda za ta narke da saurin shigarta jini. A kwayoyin da ke sakin magani a hankali, masu alamar XL ko XR ko SR, rufin nan shi ne kan gaba.

Amurka ta gani a zahiri. A 2006 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta amince da Budeprion XL mai miligram 300 a madadin Wellbutrin XL, duka biyun maganin ciwon damuwa ne mai suna bupropion. Ba a gwada na 300 ɗin kansa ba, an dogara ne da sakamakon na 150. Marasa lafiya suka yi ta ƙorafin damuwa ta dawo musu. Da aka gwada, sai aka tarar ba ya sakin maganin yadda na asali ke yi, aka janye shi a Oktoban 2012.

Shi ya sa ba a fasa irin wannan kwaya, ba a tauna ta, ba a daka ta a zuba a kunu. In rufin ya fashe, maganin yini guda zai kwarara lokaci ɗaya, kuma a bupropion hakan na ƙara haɗarin farfaɗiya. Wani maganin damuwar kuwa, sertraline na ruwa, yana da barasa kashi 12 cikin 100, don haka ba a haɗa shi da disulfiram, maganin da ake ba masu son daina shan barasa.

Akwai kuma batun kafso, kamar na maganin damuwa fluoxetine, wanda ɓawonsa gelatin ne da ake samu daga saniya ko alade. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya nemi a sauya masa da kwaya ko wani kamfani, kada ya yanke maganin da kansa. Yankewa farat ɗaya na kawo jiri, tashin zuciya da rashin barci.

In an sauya maka kamfani, ka rubuta sunansa da ranar da ka fara, ka duba lambar NAFDAC, ka lura da barcinka da cin abincinka na makonni 2 zuwa 4, ka sanar da likita in ka ga sauyi. Masu kemis kuma, don Allah, ku daina ɓare kwaya daga takardarta kuna ƙullawa a leda. Zafin bazara da danshin damina suna lalata rufin, kuma mai saye ba zai san kamfanin da ya yi ta ba.

Wassalam.
Wani mai harhaɗa magunguna, Kano.