Wasiƙa Daga Kent Kan Ƙwarin Da Ke Bin Fure

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Inna. Ya ruwa? Na ji wake ya kusa fara fure a wajenku, Allah ya sa albarka.

Ka tambaye ni aikin da nake yi da hutu. A wata gonar tumatir ce nan Kent a ƙasar Ingila, an rufe ta ruf da gilashi. Ranar farko na ga akwatunan kwali a ajiye tsakanin layuka, wasu ƙwari na shiga suna fita. Dangin ƙudan zuma ne, amma sun fi namu kauri, jikinsu duk gashi, baƙi da ratsin rawaya. Bambulbi ake ce musu, babu irinsu a ƙasarmu. Kuma da kuɗi ake sayo su!

Dalili kuwa, furen tumatir yana ƙunshe ƙurarsa a ciki, sai an girgiza shi take zubowa. A fili iska na taimakawa, a cikin gilashi kuwa shiru. Na tsuguna na ƙura wa ɗaya ido. Ya cafki furen da baki, ya rataya kansa ƙasa, sai kukansa ya sauya ya yi siriri, ƙurar ta zubo masa a ciki. Da ya tashi ya bar ɗan tabo ruwan ƙasa a furen. Wannan tabon mai gona ke dubawa ya san furen zai zama ɗa. Ƙudan zuma bai iya wannan girgizar ba. Kafin wani likitan dabbobi ɗan Beljiyam, Roland de Jonghe, ya fara kiwonsu don sayarwa a 1987, leburori ne ke bin tumatir da sanda mai lantarki suna kaɗa furannin.

Abin da ya dame ni shi ne bambulbin daji raguwa suke yi. Iri 24 suka rage a Birtaniya, biyu sun ɓace. Ɗayan nan Kent aka yi masa ganin ƙarshe, a Dungeness, a 1988. An ɗauko irinsa daga Suwidin aka saki a wurin, amma bai zauna ba. Tun daga shekarun 1930, kusan kashi 97 cikin 100 na filayen ciyawa masu furanni sun tafi, an nome su ko an yi gini. Ƙwaro ina zai ci?

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kowane Yuli zuwa Agusta mutane nan kan zauna minti 15 su ƙirga malam-buɗe-littafi, su aika da adadin. A 2024 ƙirgen ya yi ƙasa sosai har masu shirya shi suka ce an shiga halin gaggawa. Ni ma na zauna na ƙirga. Wani mai ruwan goro da ɗigon baƙi da fari ya sauka kan wata ƙaya, yana buɗe fiffike yana rufewa. Masana na ce masa Vanessa cardui. Irinsa da kaka suke barin Turai su tsallake Sahara, an gan su suna hayayyafa a Cadi da Binin, jikokinsu kuma su komo arewa. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na tuna mu muna yara muna binsu a bakin rafi, ashe matafiya ne.

Shi ya sa nake roƙonka kan feshi. Na san tsutsa ba ta barin wake, ba zan ce ka daina ba. Amma furen wake da sassafe yake buɗewa, kafin azahar ya rufe, lokacin ne ƙwari ke kansa. Ka bari sai da yamma. Kabewa da kankanarka ma sun fi wake buƙatar su, don furen namiji daban, na mace daban, sai an kai ƙurar. Wannan baƙin ƙaton ƙwaron da ke huda itacen rumfa, ka hana yara kashe shi, shi ma ya iya girgiza fure. Ciyawar kan iyaka kuma a bar ta ta yi fure, kada a banka mata wuta.

Idan Oktoba ta kama ka duba bakin fadama. In ka ga mai ruwan goron nan, ɗauko min hotonsa a waya. Ka gaida Inna da su Baba, ka ce su sa ni a addu'a.

Naka amini,
daga Kent