Ba likita da nas kaɗai ke aiki a asibitin Amurka ba

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya.

Na daɗe ina son in rubuto wannan wasiƙar saboda wani abu da ke ci min tuwo a ƙwarya game da 'yan uwanmu da ke zaune nan Amurka, da masu shirin zuwa ta lotiri ko ta aure. Duk gidan da ka shiga ka tambayi yaro me zai karanta sai uwar ta riga shi amsawa, likita in sha Allah, in abin bai yiwu ba nas. Shi ke nan fa, kamar asibiti mutum biyu ne ke riƙe da shi. To ni ma'aikaciyar numfashi ce, mu ne masu kula da bentileta, wato na'urar da ke taimaka wa mara lafiya numfashi, a ɗakin masu jinya mai tsanani, mu ke ɗibar jini a jijiyar hannu a duba iskar da ke cikinsa, kuma ban taɓa taka jami'a ba, a kwaminiti kwaleji na yi karatuna na fito da asoshiyet digiri, wato ƙaramin digiri na shekara 2.

Irin waɗannan kwalejojin gwamnati ne, kusan guda dubu a faɗin ƙasar, kuma ba sabon abu ba ne don ta garin Joliyet a jihar Ilinoi tun 1901 take. Su ne ke yaye yawancin mutanen da mara lafiya ke gani bai san sunan aikinsu ba: mai ɗaukar hoton ƙashi, mai sikanin ciki, mai gwajin jini a lab, mai wanke haƙora, mai miƙa wa likita kayan aiki a tiyata, mataimakin mai gashin ƙashi. Wannan na ƙarshen ma ya isa misali, cikakken mai gashin ƙashi a nan sai ya yi digirin dakta kafin a ba shi lasisi, amma mataimakinsa shekara 2 ne a kwaleji kuma shi ne ke tare da mara lafiyar kullum yana koya masa taka ƙafa.

Maganar kuɗi kuwa, Malam Edita, ita ce ta sa nake jin zafin abin. Wanda ke zaune a gundumar da kwalejin take kuɗin makarantarsa a shekara yana kamawa wajen dala 4,000 a matsakaici, in yana da girin kat ko takardar ɗan ƙasa ya cike fom ɗin FAFSA na neman tallafin karatu daga gwamnati yana iya samun tallafin Pell wanda ba bashi ba ne, ba a mayarwa, a shekarar karatu ta 2024 ya kai har dala 7,395 ga mai ƙaramin ƙarfi, kenan wani ma bai cire ko sisi daga aljihunsa ba. Shi kuwa likita shekara 4 digirin farko, 4 a makarantar likitanci, sannan horo na shekara 3 zuwa 7, da yawansu suna fitowa da bashin da ya kai dala 200,000. Ban ce kada yaro ya zama likita ba wallahi, wanda Allah Ya ba kai da juriya ya je muna masa addu'a, amma magidanci mai 'ya'ya uku da ke tuƙin mota dare da rana ai ba zai iya jiran shekara goma sha ba, alhali ma'aikacin numfashi ko mai ɗaukar hoto matsakaicin albashinsu ya haura dala 70,000 a shekara.

Sai dai kada wani ya ji na ce shekara 2 ya ɗauka shiga ne kawai a fito. Shiga kwalejin da sauƙi, kusan kowa ana ɗauka, shiga sashen lafiyar ne aiki. Sai ka fara cin darussan share fage, ilimin sassan jiki kashi na ɗaya da na biyu, lissafi, Turanci, wani wurin har da kemistiri da ilimin ƙwayoyin cuta, wasu su ce sai ka zana jarabawar TEAS ta neman shiga sashen lafiya, kuma kujerun kaɗan ne tunda gwargwadon gurbin firaktikal da asibitoci suka bayar ake ɗiba. Ni sai da na nema sau biyu, gaba ɗaya shekara 3 da rabi na yi. Firaktikal ɗin nan kuma ba a biyanka, wata rana awa 12 kana tsaye, ga binciken tarihinka ga gwajin shan ƙwaya ga allurar rigakafi da gwajin tarin fuka duk kafin ka saka yunifom. Wanda ya zo da bizar ɗalibi shi kuma lissafinsa daban, babu Pell kuma kuɗin baƙi zai biya wanda ya ninka na ɗan gari.

Inda na fi so a saurare ni shi ne batun tantance makarantu. Ɗan yayata ya ga talla a waya, wata makarantar kuɗi ta ce za ta koya masa ɗaukar hoto cikin watanni babu jiran layi, ya ci bashi ya shiga, da ya gama ya je neman zana jarabawar ARRT, hukumar da ke ba masu ɗaukar hoto shaidar ƙwarewa, aka ce masa makarantar ba ta cikin waɗanda suka amince da su, ya koma kwalejin gwamnati aka ce darussan da ya yi ba za a lissafa masa su ba, yaron nan na ga ya zauna a falona yana hawaye kuma har yau yana biyan bashin. Kowane fanni yana da hukumarsa mai tantance makarantu, namu na numfashi CoARC ce kuma NBRC ke shirya jarabawar, masu hoto JRCERT, mataimakan gashin ƙashi CAPTE, masu lab NAACLS, sunayen makarantun suna shafinsu na intanet kyauta, minti biyar ya isa ka duba kafin ka sa hannu a kowace takarda. Ka kuma tambayi makarantar mutum nawa cikin ɗalibanta suka ci jarabawar lasisi bara, in suka fara kame-kame ka ɗauki jakarka.

'Yan uwana mata suna yawan tambayata batun hijabi, ni dai da shi na yi karatu da shi nake aiki, sai dai wanda ba ya reto ake so, a tiyata kuma akwai hular da ake ɗorawa.

Dan Allah Malam Edita ku buga wannan kafin lokacin cike fom, don sassan lafiya da yawa sau ɗaya suke ɗiba a shekara, wanda ya makara sai baɗi.

Taku,
wata mai karanta jaridarku daga jihar Ohayo, Amurka