Sanarwa ga ƴan rukunin unguwa

Assalamu alaikum ƴan uwa, ya muka ji da ruwa? Allah ya mayar da alheri.

Tun ranar 3 ga Satumba 2024 da tsohon masallacin Birni ya rushe, hankalin kowa a Damagaram bai kwanta ba. Ruwa ya janye, amma ginin ƙasa ya sha ya ƙoshi. Jiya da la'asar, rana tsaf, katangar maƙwabcina ta zube kan murhu, minti kaɗan bayan uwargida ta sauke tukunya. Don Allah duk ɗakin da ya tsage, a fitar da yara su kwana a tsakar gida.

Waɗanda ke zaune a ajin makaranta suna buƙatar tabarmi, sange da gero. Sauro ya yi yawa, ga tafkuna cike. Mai jika ɗaya ma ya kawo, za mu haɗa bayan sallar Juma'a a ƙofar mai unguwa.

Masu kabu-kabu kuma, kun ninka kuɗi zuwa kasuwar Dole, wai hanya ta lalace. Ku ji tsoron Allah.

A tafasa ruwan sha. Hotunan da ba na garinmu ba, a daina turowa.