Gidimuni da duwatsun Kutus na jiran 'yan Damagaram

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a bani ɗan fili. Bayan salla ni da abokaina 3 muka yi karo-karo muka ɗauki motar lokasiyo nan Damagaram, muka zuba esansi muka kama gudron ɗin gabas, RN1 kenan. Mirya ba nisa, ko kilomita 20 bata kai ba, amma Gidimuni ce ta riƙe mu wallahi, tabki kwance tsakanin tudun rairai ga dabino ga rake ga tsuntsaye birjik, har direbanmu da ke ta mitar rana na yi shi ma ya fito yana ɗaukar foto. Mun sha rake har muƙamuƙi ya gaji.

Daga Gure muka yi arewa wajen Kelle mu ga duwatsun Kutus. Nan fa aka sha wuya, rairai ya kama mota sau 2, mai motar kuma ya ce mana lafiya lau take alhali ko tayar sukur babu iska.

Roƙona ga mahukuntan jaha, a gyara hanyar nan ta Kelle, a sa alluna, a Gidimuni ma ko rumfar zama ce a yi ma baƙi.

Naku mai karatu,
daga unguwar Birni, Damagaram