Kuɗin Da Wayar Salula Ke Lashewa Duk Wata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tattauna da 'yan uwana masu karatu a kan wani kashin kuɗi da kusan kowane gida ke yi, amma ba kasafai ake zama a lissafa shi ba, wato kuɗin kira da na data. Mutum zai tsaya ya yi ciniki mai zafi a kan abin da yake saye sau ɗaya a shekara, amma abin da ke fita daga aljihunsa zuwa kamfanin sadarwa kowane mako ko kowane wata, ya bar shi yana tafiya ba tare da ya taɓa tambayar ina yake zuwa ba. Abin da na lura da shi shi ne, da yawa daga cikinmu muna biyan kuɗin abin da ba mu mora, kuma gyaran yana farawa ne daga sanin abin da mutum yake ci da gaske, kafin a kai ga maganar sauya kamfani.

Ni kaina na shafe shekaru ina sayen babban ƙunshin data na wata-wata, saboda tsoron kada ta yanke mini a tsakiyar aiki. Wata rana da dare na buɗe saitunan wayata, na shiga wurin da take nuna yawan datar da kowace manhaja ta ci a cikin kwana 30 da suka wuce, sai na ga abubuwa biyu da suka ba ni kunya. Na farko, ban taɓa cinye ko rabin abin da nake saye ba, ragowar kuma tana ƙonewa ne ranar da wa'adi ya cika. Na biyu, ko a cikin wanda na cin, kaso mafi tsoka bai tafi kan aikin da nake tutiya da shi ba. Bidiyoyin da ke kunna kansu yayin da nake zagaye a dandalin sada zumunta, da hotunan da ake turowa a zaurukan WhatsApp suna sauka ba tare da na nema ba, da manhajojin da ke sabunta kansu ina barci, su ne suka kwashe shi. Wannan shafi yana nan a kowace wayar zamani, duba shi ba ya ɗaukar minti biyu, amma na tambayi abokai da dama, na tarar ƙalilan ne suka taɓa leƙa shi.

Bidiyo ne babban macin data, kuma ya kamata a san girman bambancin. Kamfanin Netflix, mai nuna finafinai ta intanet, da kansa ya bayyana cewa kallon awa ɗaya a matsakaicin haske yana cin kusan gigabayit 1, a haske mai ƙarfi kuma yana iya kaiwa gigabayit 3. Kiran murya ta intanet kuwa ba ya cin megabayit ɗaya cikakke a minti, alhali gigabayit ɗaya kusan megabayit dubu ne. Idan aka buga lissafi, awa ɗaya ta bidiyo mai tsananin haske tana iya cinye abin da zai ishi mutum hira da baki ta fiye da awa 50. A kan ɗan allon da bai wuce tafin hannu ba, ido da ƙyar yake rarrabe tsakanin matsakaicin haske da mai ƙarfi, saboda haka rage shi ba ya rage wa mai kallo komai. Wayoyin Android sun zo da maɓallin tsimin data tun 2016, na iPhone kuma suka samu nasu a 2019, kuma aikinsa shi ne hana manhajoji shan data a ɓoye lokacin da ba a buɗe su ba. Da na kunna shi, na hana hotuna sauka da kansu, na mayar da sabunta manhajoji zuwa lokacin da nake kan Wi-Fi, sai na koma ƙunshin da bai kai rabin na da ba, kuma har yau bai taɓa ƙare mini kafin wata ya cika ba.

Akwai wata ɓaraka da ta fi wannan ciwo, domin ta fi faɗawa kan tsofaffi da waɗanda ba su iya karatu sosai ba. Mahaifina ya daɗe yana ƙorafin cewa da zarar ya sa kati sai ya zurare, alhali shi ba mai dogon kira ba ne. Na karɓi wayarsa na bi saƙonnin da kamfanin ya turo ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi an yi masa rajistar waƙar da mai kira ke ji kafin a ɗauka, da wasu labaran wasanni na kullum, da wani wasan kacici-kacici da bai ma san sunansa ba. Abin da ya iya tunawa shi ne wani rubutu ya taɓa fitowa a allo, ya danna domin ya kawar da shi. Kowanne ɗan ƙaramin kuɗi ake cira, wanda ba ya isa mutum ya ɗaga murya, amma da yayyafi kogi kan cika. Sai da na yi kira har sau uku kafin a cire su duka, kuma abin da aka riga aka ci ba a mayar ba. Duk mai dattijo a gida ya kamata ya karɓi wayarsa ya yi masa wannan bincike, ya kuma kashe masa sabuntawar da ke yin kanta idan wa'adi ya ƙare.

Bayan mutum ya san ainihin bukatarsa, sai a zo maganar wurin da zai saya. A nan ne nake ganin jama'a suna da ƙarancin labari game da wani rukunin kamfanoni da ba su mallaki turakun sadarwa nasu ba. Kafa turaku, da sayen lasisin zangon iska daga gwamnati, da ba su wuta dare da rana, su ne manyan kuɗaɗen wannan sana'a. Waɗannan ƙananan kamfanoni sai su je wurin mai turaku su sari mintuna da data da yawa, su dawo su sayar ɗai-ɗai da sunansu, kamar yadda ɗan kasuwa ke saro kaya a wurin babban dila. Da yake ba su da ɗawainiyar turaku, galibi kuma ba su da shaguna masu yawa ko tallace-tallace masu tsada, sukan iya sayarwa ƙasa da farashin mai turakun kansa, alhali sabis ɗin daga turke ɗaya yake fitowa. Virgin Mobile ne ya yi fice da wannan tsari a Birtaniya a 1999, Tesco Mobile ya biyo baya a 2003 yana hawa turakun kamfanin O2, su kuma Lebara da Lycamobile suka gina kasuwarsu a kan baƙi masu kiran gida daga ƙasashen waje. A Amurka, Mint Mobile ya yi ta janye abokan ciniki a kan turakun T-Mobile har sai da T-Mobile ɗin ya saye shi, cinikin da aka kammala a 2024. Wasu manyan ma da kansu suke buɗe ƙaramin reshe mai araha da wani suna daban, kamar yadda O2 ya yi da giffgaff a 2009, domin wanda ya gudu daga ƙofar gaba ya shigo ta ƙofar baya.

Sai dai Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma gaskiya ne a nan ma akwai abin dubawa. A wasu yarjejeniyoyin, idan turke ya cika da jama'a, abokan cinikin mai turke ake fara sallama, na ɗan haya su jira, sai intanet ɗinsu ya yi nauyi a daidai lokacin cunkoso. Wasu kuma ba su da ofishin da mutum zai je ya zauna a warware masa matsala, komai sai ta manhaja. Haka nan kalmar "mara iyaka" da ake rubutawa da manyan baƙaƙe takan zo da sharaɗi a ƙananan rubutu, cewa bayan an ci wani adadi za a rage gudu har ya zama bidiyo ba ya buɗewa. Garaɓasar da ba ta aiki sai tsakar dare, ko wadda ke ƙonewa cikin kwana ɗaya, ita ma ba ta da amfani ga wanda ke barci a lokacin. Shawarata ita ce a sayi mafi ƙanƙantar ƙunshi na sabon kamfanin, a gwada shi mako guda a cikin ɗakin kwana da wurin aiki da hanyar da ake bi kullum, tunda yawancin wayoyi yanzu suna ɗaukar layi biyu. Layi mai araha da ba ya kamawa a gidanka ya fi kowanne tsada.

Babban abin da ke ɗaure mutane ga kamfani ɗaya shi ne tsoron rasa lambar da kowa ya san su da ita, wadda banki da 'yan uwa da abokan hulɗa ke nemansu a kai. Wannan tsoro ya daɗe da samun magani a ƙasashe da dama, domin hukumomin sadarwa sun wajabta wa kamfanoni barin mutum ya ƙaura da lambarsa. A Birtaniya tun 2019 saƙon tes guda ɗaya ya isa a turo wa mutum lambar sirrin da zai kai wa sabon kamfani, ba sai ya yi ta jayayya da ma'aikacin da aka horar domin ya hana shi tafiya ba. Kuma tarihi ya nuna farashi yana sauka ne idan jama'a suka fara motsi. Shigowar Free Mobile kasuwar Faransa a farkon 2012 ta tilasta wa tsofaffin kamfanoni karya farashinsu, haka kuma shigowar Jio a Indiya a Satumbar 2016 ta mayar da datar ƙasar cikin mafi araha a duniya. A waɗannan ƙasashe, masu saye ne suka samu wurin zuwa.

A wuraren da ake ba da waya bisa kwantiragin wata 24 ko 36, ya kamata a gane cewa kuɗin wayar yana cikin abin da ake biya duk wata, kuma akwai masu ci gaba da biyan wannan adadi bayan sun gama fanshe ta, don kawai ba su duba ranar ƙarewar kwantiragin ba. Sayen waya a buɗe, wadda ke karɓar kowane layi, shi ke ba mutum 'yancin tafiya. Kanada ta hana cajin kuɗin buɗe waya a 2017, Birtaniya kuma ta hana sayar da kullallun wayoyi a ƙarshen 2021.

Matafiya su ma suna da nasu tarkon, domin amfani da layin gida a wata ƙasa yana daga cikin mafi tsadar abin da ake yi da waya. Ƙasashen Tarayyar Turai sun soke wannan ƙarin a tsakaninsu tun watan Yunin 2017, amma a mafi yawan duniya yana nan daram. Sayen layin ƙasar da aka sauka, ko sauke layin da ba ya bukatar kati a wayoyin da ke karɓarsa, sannan a riƙa kira ta intanet, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. WhatsApp ya fara kiran murya tun 2015, amma har yanzu ina ganin masu buga kiran ƙasar waje kai tsaye alhali su da wanda suke kira duk suna da data.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne jaridar nan ta ware ɗan gurbi ko da sau ɗaya a wata, ta jera ƙunshin kamfanonin da masu karatu ke iya samu a teburi guda, a nuna abin da gigabayit ɗaya ya kama a kowanne, da kwanakin da yake yi kafin ya ƙone, da ko ragowar tana tsallakawa zuwa wata mai zuwa, da kuma lambar da ake dannawa a soke duk wata rajistar da mutum bai nema ba. Tallan kamfanoni ba ya kawo waɗannan abubuwa huɗu a wuri ɗaya, ni kuwa sai da na ɓata yammaci guda da biro da takarda kafin na haɗa nawa.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu