In kun je Tunisiya ku ƙara kwana biyu a Jerba

Malam Edita, salamu alaikum, ina gajiyar aiki.

Ina so in ɗan ba ƴan uwa shawara, masu zuwa yawon buɗe ido Tunisiya cikin tawaga. Mu gid ɗinmu, wato mai yi mana jagora, ya kai mu Kartaj da Sidi Bu Sa'id da babban masallacin Kairawan, sai dai komai da gudu wallahi, kafin ka ɗauki hoto an ce a koma mota.

Da aka gama sai ni da maiɗakina muka ƙara kwana 2 a tsibirin Jerba. Da farko Malta na so, amma can sai da bizar Shengen ta shiga Turai, na haƙura. Jerba kuwa cikin Tunisiya take, daga Jorf bato ke tsallakawa da kai har da motarka zuwa Ajim da ke kan tsibirin, ba nisa, in kana tsoron ruwa irin Hajiya akwai hanyar mota ta El Kantara, da ita muka dawo. Kasuwar Humt Suk ta cinye mana kuɗi, ga tukwanen ƙasa na Gellala da sai da na biya kilo a filin jirgi.

Kawai dai ku gyara ranar biyen jirgin komowa tun daga Yamai, ni canjin ya ci mini kuɗi ba kaɗan ba.

Mai karatunku daga Bukoki, Yamai