Abid: mai ibada ne, ba bayi ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina cikin masu bibiyar shafinku na sunaye da ma'anoninsu, kuma a fitowar da ta gabata na ga an fassara sunan Abid da "bayi". Ina roƙon a ba ni fili in yi gyara, domin akwai iyayen da suka raɗa wa 'ya'yansu wannan suna da kyakkyawar niyya.

Kalmomi biyu ne na Larabci rubutun boko ya haɗa su a siffa ɗaya. Dukansu daga harufa uku suka fito, wato ain da ba da dal, amma wurin jan wasali ya raba su. Idan aka ja wasalin farko aka ce "aabid", ma'anar ita ce mai ibada, mace kuma Abida. Idan aka ja na biyu aka ce "abiid", to jam'in "abd" ke nan, wato bayi. Ta farkon ce muke karantawa a Suratul Kafiruna, "wa la ana aabidun ma abadtum", kuma jam'inta ne ke cikin laƙabin Zainul Abidina, jikan Sayyadina Ali, wato adon masu ibada. Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba, tunda garin da muke zaune a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi, rubutunsu ɗaya ne a boko, ajami ne kawai yake bambanta su.

Wannan saiwa ta harufa uku ta yi tafiya mai nisa tare da Musulunci. Farisanci da Urdu sun ari "aabid" kai tsaye, shi ya sa sunan ya yawaita a Pakistan da Indiya. Turkawa suna cewa "ibadet", suna kuma kiran wurin bauta "mabet". Masu Swahili sun mayar da ita aikatau, "kuabudu", su kuwa mutanen Indonesiya suna da "ibadah", sannan hadiman fadar sarkin Yogyakarta, wani birni a ƙasar, har yau "abdi dalem" ake kiran su. A Tunisiya ma, shugaban da ya yi mulki daga 1987 zuwa 2011 sunansa Zainul Abidin bin Ali.

Mu Hausawa mun ɗauki "ibada", mun ɗauki Abdu har muka sassaƙe shi ya koma Audu, amma ba mu cika cewa "abidi" ba, sai dai "mai ibada" ko "bawan Allah". A ganina dalilin shi ne harshenmu ya riga ya tanadi "bauta", wadda take ɗauke da ma'anoni biyun nan kamar takwararta ta Larabci: bautar da bawa yake yi wa ubangidansa da wadda mutum yake yi wa Mahaliccinsa.

Abin da ya sa na nace a kan gyaran shi ne, a Sudan an daɗe ana jifan baƙar fata, musamman mutanen kudu, da kalmar "abiid" don ƙasƙanci. Yaron da ake kira Abid a Kano ko Damagaram, idan ya karanta shafinku, zai ɗauka da wannan kalma iyayensa suka kira shi. Ina fata za ku buga gyara a fitowa ta gaba, ku kuma riƙa nuna wurin jan wasali duk lokacin da kuka kawo sunan Larabci.

Wassalam.

Wani malamin makaranta,
daga Zariya.